A daina nuna wa baƙi kujeru a cibiyoyin fasaha

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili mu yi magana kan yadda ake karɓar baƙi a cibiyoyin aiki na haɗaka, inda matasa masu ƙananan kamfanonin fasaha ke hayar teburi da wuta da intanet, irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da Startup Kano. Abin da ke damun mu shi ne a zagaya da baƙo ya ga kujeru, ya sha sanyin esi, a ɗauki hoto, ya fita bai san abin da ake sayarwa a gidan ba.

A fara da lokaci. Kada a sa ziyara ranar Juma'a da rana, za a tarar da wurin wayam. Talata zuwa Alhamis, daga ƙarfe 11 zuwa azahar, ya fi.

Kamfanoni uku sun isa su yi wa baƙo bayani, kowanne minti biyar: me kake sayarwa, wa ya taɓa biyan ka kuɗi, me ka rasa. In baƙon Alhaji ne daga Kantin Kwari, a ajiye majigi da dogon Turanci. A ce, "Ranka ya daɗe, kawo wayarka," a buɗe masa manhajar ya shigar da dila ɗaya ta atamfa da hannunsa, ya ga rasit ya fito. Tambayarsa ta farko, in babu sabis fa? A tanadi amsa ta gaskiya.

Sai wuta, wadda a nan aka fi jin kunya. Kwamfutar cinya 20, kowace wat 60, sun ci wat 1,200. Esi ɗaya mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kusan haka, ya ma fi lokacin tashi. In aka kunna esi biyu don burge baƙi alhali ana kan batir, inbata mai 5kVA na iya yankewa ana tsakiyar bayani. A tada janareta tun kafin su iso.

A ware wa baƙi Wi-Fi dabam mai ƙayyadadden gudu, domin wayoyi 30 in suka hau layi ɗaya sai su kama sabunta manhajoji, kiran bidiyon mai aiki da abokin cinikinsa ya tsinke. Kuma a hana ɗaukar hoton fuskar kwamfuta, akwai bayanan mutane a kai.

Masu son zuba jari kan tambayi takardu. Dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta ce mai neman shaidar zama sabon kamfanin fasaha a ƙarƙashin dokar sai ya yi rajistar kamfani da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, kuma kamfanin bai haura shekara 10 da rajista ba. Rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta wadatar.

Kafin baƙo ya tashi, a haɗa shi da mutum ɗaya takamaimai da zai kira shi cikin mako.

Wassalam.

Daga wasu masu kula da cibiyar aiki ta haɗaka, Kano