Godiya ga sashen tiyata na Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan sashen tiyata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, musamman wata nas dattijuwa da ban ma samu na tambayi sunanta ba.

'Yata shekararta 19. Tana wanka ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, kamar ƙwallon dabino, ba ya ciwo, in ta taɓa shi sai ya zame. Ta ɓoye min, sai ƙanwarta ce ta tsegunta min. Maganar na fita kowa ya zama likita. Gwaggonta ta ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai fantsama. Aka kawo wani garin magani ana kwaɓawa ana shafa mata, har fatar wurin ta saɓule. Mai kemis ya ɗirka mata kafso. Muka je wani asibitin kuɗi, ba zan kama suna ba, likitan ko kallon kirki bai yi mata ba ya ce aiki za a yi, ya rubuta kuɗin a takarda ya miƙo. Ba sikanin, ba bayani. Yarinya ta daina cin abinci, ta riga ta sa a ranta yanke mata mama za a yi, ga rana an sa.

A haka muka isa Asibitin Malam, jiki duk a mace. Yankan kati da sauransu ya tafi yadda aka saba. Da aka kira mu yarinyar ta fashe da kuka. Nas ɗin ta ja labule, ta riƙe hannunta ta ce, "Haba 'yata, share hawayenki. Wa ya ce miki kowane ƙullutu daji ne?" Ba ta gusa ba har likita ya gama dubawa, ita ce ma ke gyara mata mayafi. Sannan ta juyo gare ni: "Hajiya, yawancin ƙullutun mama ba daji ba ne, balle a irin shekarunta. Amma ba ma yanke hukunci da taɓawa kawai." Ta ce za a yi sikanin, domin naman maman budurwa a cure yake, hoton mama na eksire da ake kira mamogiram bai cika nuna shi sosai ba. Bayan nan a kashe wurin a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Na kawo mata maganar ƙarfe. Ba ta yi min dariya ba, ta ce allurar gwaji ba ta yaɗa komai.

Sakamako ya fito, faiburo'adinoma ne, ƙari marar illa da ya fi samun 'yan mata. Likita ya ce tunda ƙarami ne a bar shi, mu dawo bayan wata 6 a sake aunawa, in ya girma ko ya dame ta a cire. Ba ya hana aure, ba ya hana shayarwa. Alhamdu lillahi.

Muna fita na ji nas ɗin a kan benci tana lallashin wata mai jego da mamanta ya kumbura ya yi ja, tana ce mata kada ta cire yaro daga nono, barin ruwan ya taru shi ke jawo mugunya.

To ina tambaya, wannan bayanin nawa ake sayensa? A wurare da yawa mace ta shiga da tsoronta, a daka mata tsawa, a buɗe mata jiki ƙofa a wangale, ta fita ba ta san me ke damunta ba. Gobe ta koma wajen mai shafe-shafe. Masu dajin gaske kuwa sai abu ya fashe yana wari ake kwaso su, sannan a ce mata ba sa son asibiti.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku.

Wassalam,
Wata uwa daga Kano