Sanarwa ga iyaye: koya wa ƙananan yara ƙirge cikin wasa

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Ina so in ja hankalinmu kan yaranmu ƴan shekara 2 zuwa 5. Don yaro ya haddace 1 zuwa 10 da ka, ba lallai ne ya iya ƙirge ba. Ku gwada: ku jera masa cokula 4, ya riƙa taɓa kowanne da yatsa yana ƙirgawa, sannan ku ce, "To, nawa ke nan?" In ya koma ɗaya ya sake farawa, bai gane tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce jimilla ba. Kada a tsawata masa, a rage cokulan zuwa 2 ko 3 a ci gaba da wasan.

Don gane siffar lamba, a rubuta 3 babba a ƙasa, ya bi ta da yatsa, ya yi tsalle uku a kai. Rikita 6 da 9 a wannan shekarun ba abin damuwa ba ne.

Don Allah kada a ba wa ƴan ƙasa da shekara 3 maɓalli ko ƙananan duwatsu, suna kai wa baki, za su iya shaƙewa.