Wasiƙa zuwa ga ɗana game da wasan kwamfuta a babbar talabijin

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyin Ngaundare, ya karatu? Mu nan Garwa zafi ya fara shigowa, sai godiya.

Saƙonka ya iso, inda kake kukan cewa tunda ka haɗa kwamfutarka da talabijin mai inci 55 wasan ya yi nauyi, har kana tunanin canja kwamfutar. Kada ka sayi komai tukuna. Yawancin wannan matsala a saiti take, kuma gyaranta ba ya cin ko sisi.

Fara da talabijin ɗin. An ƙera ta ne don kallon fim da ƙwallo, shi ya sa take riƙe kowane hoto ta goge shi, ta ƙara masa kala, ta cusa wasu hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi, sannan ta nuna. Mai kallon fim ba ya jin wannan jinkiri, amma kai da ka danna manet, wato abin sarrafa wasa na hannu, kana jiran ɗan wasanka ya buga ƙwallo, za ka ji shi a hannunka. Jinkirin yakan kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato kamar hoto 6 a wasan da ke gudu da hoto 60 a daƙiƙa. Ka shiga saitin hoto ka kunna abin da aka rubuta Mode Jeu, wato yanayin wasa. A yawancin talabijin na yanzu wannan kaɗai yana sauke jinkirin zuwa hoto ɗaya ko ƙasa da haka. Duk wani saiti na santsin motsi da rage hayaniyar hoto, kashe shi. Ka lura, talabijin da yawa suna ajiye saitin kowane ramin HDMI, inda ake soka kebul ɗin hoto, daban, idan ka canja rami sai ka sake.

Sai kebul. HDMI 1.4 ba ya ɗaukar 4K, wato hoto mai yawan ɗigo sosai, sai a hoto 30 a daƙiƙa, 2.0 yana ɗaukar 60, 2.1 kuma 120. Sau da yawa Windows kan zaɓi 30 da kanta ba tare da ta gaya maka ba, ka ga kibiyar linzamin kwamfuta tana jan ƙafa. Duba saitin allo ka mayar da shi 60. Idan 60 bai fito a jerin ba, mai yiwuwa talabijin ce ta kulle ramin: a Samsung ana buɗe shi da Input Signal Plus, a LG da HDMI Ultra HD Deep Colour. Kebul kada ya wuce mita 3 in da hali. Dogo mai araha shi ke sa hoto ya ɗauke ya dawo, ko ka ga fararen ɗigo suna ƙyalli.

Yanzu ga inda matasa suka fi ruɗuwa. 4K ɗigo 3840 ne sau 2160, ninki huɗu na 1920 sau 1080. Kwamfutar da ke ba ka hoto 60 a ƙaramin allonta, aikinta ya ninka huɗu idan ka tilasta mata 4K, dole ta yi nishi. Ka sa wasan a 1080, talabijin ta faɗaɗa shi da kanta. Daga mita biyu da rabi idonka da ƙyar zai bambance, amma hannunka zai ji sauƙin. Danna maɓallin Windows da P ka zaɓi allo na biyu kaɗai, kuma caja ta kasance a jone, domin a kan batir kwamfuta rage ƙarfinta take yi. Idan gefen hoton ya yanke, saitin girman hoto ne a talabijin, ka mayar da shi daidai allo.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Ka san arewacin Kamaru duka da dam ɗin Lagdo muka fi dogara, kuma da rani ruwa yakan ja baya. Ɗaukewar wuta ba ta cika ƙona kaya ba, dawowarta ce ke ƙonawa. Ka sa regilata, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai jinkirta kunnawa tsakanin bango da kayanka. Talabijin irin taka tana cin kusan wat 100 zuwa 150, cajar kwamfutar wasa kuma takan kai 200, saboda haka regilata mai ƙarfin 1000 VA za ta ɗauke su, amma kada wani ya jona mata dutsen guga ko hita. Kada ka cire ko ka soka HDMI alhali duka biyun suna kunne. Gidajen haya da yawa ba su da wayar da ke sauke wutar lantarki cikin ƙasa, tartsatsi ɗaya ya isa ya kashe ramin. Da damina, idan hadari ya haɗu, ka zare filogi har da kebul ɗin tauraron ɗan Adam.

Kwamfutar kuma kada ta zauna a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shan iska. Bayan kowane hunturu a kai ta a busa mata ƙura, domin idan ta yi zafi da kanta take rage gudu, ka ɗauka wasan ne ya lalace.

Ka zauna nesa da allon kamar mita biyu, da fitila a kunne a ɗakin. Duk bayan minti 20 ka dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Kuma kada ka fara wasa idan lokacin salla ya kusa, na san ba a iya tashi a tsakiyarsa. Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ranar fara jarrabawa, kuma tana gaishe ka ƙwarai. Idan ka gwada, ka aiko mini da lambar samfurin talabijin ɗin, tana nan a takardar da ke manne a bayanta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka