Nargis, Jarumar Da Iyayenmu Mata Suka Yi Kuka Tare Da Ita

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana a kan wata 'yar wasan fim ta ƙasar Indiya da ta rasu fiye da shekara arba'in da suka wuce, wadda ba da harshenmu ta yi wasa ba, amma ta sa iyayenmu mata zubar da hawaye a cikin ɗakunansu kamar 'yar'uwarsu ce ta jini.

Abin da ya tsokano wannan wasiƙa shi ne wata hira da na yi da wani yaro ɗan maƙwabcina. Na same shi a ƙofar gida ya duƙufa a kan waya yana kallon Sanjay Dutt, wanda matasanmu suka daɗe da laƙaba wa suna Ɗan Daba Mai Lasin. Na ce masa, “Yaro, ka san mahaifiyar wannan mutumin?” Ya ce, “Baba, ita ma 'yar fim ce?” Ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya gaya masa, amma abin ya tsaya mini a rai. A Indiya kanta, cikin watan Fabrairu na 2024, gwamnati ta cire sunan wannan mata daga kyautar fim mafi ƙarfafa haɗin kan ƙasa, kyautar da aka shafe shekaru ana bayarwa da sunanta. Sai na ga ya kamata mu da muka san ta mu faɗi abin da muka sani tun muna da sauran numfashi.

Sunanta na yanka Fatima Rashid, an kuma haife ta a birnin Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929. Mahaifiyarta, Jaddanbai, shahararriyar mawaƙiya ce kuma tana cikin matan farko da suka shirya fim a Indiya, ita ce ta sa 'yarta gaban kyamara tana da shekara shida, a 1935. Sunan Nargis, wanda sunan wata fure ce, a nan ya samo asali. Tana da shekara goma sha huɗu darakta Mehboob Khan ya ba ta matsayin babbar jaruma a fim ɗinsa Taqdeer, a 1943, daga nan tauraruwarta ta fara haskawa. Shekarar 1949 ce ta ɗaga ta sama gaba ɗaya, sa'ad da ta fito a Andaz tare da Dilip Kumar da Raj Kapoor, sannan a Barsaat. Ita da Raj Kapoor sun yi fim goma sha shida tare, ciki har da Awaara na 1951 wanda ya yi tashe har Tarayyar Sobiyet, da Shree 420 na 1955. An yi maganganu da yawa game da abin da ke tsakaninsu, shi kuwa yana da matarsa, amma ba wannan ya kawo ni ba. Abin lura dai shi ne, zuwa 1956 hanyarsu ta rabu, masu hasashe kuma suka soma ganin kamar idan babu shi, ita ma tata ta ƙare.

A nan ne, a ganina, darajar Nargis take. Tana da shekara ashirin da 'yan kai, ganiyar ƙuruciya da kyau, lokacin da kowace 'yar wasa take gudun abin da zai tsufar da ita a idon jama'a, ta yarda ta fito a matsayin Radha a fim ɗin Mother India na 1957, inda ta fara a amarya ta ƙare a tsohuwa mai furfura da tamoji, fuska duk laka. A fim ɗin ta zama uwar jarumi Sunil Dutt, wanda kwana biyar kacal ta girme shi a haihuwa, da Rajendra Kumar wanda shi ma sa'anta ne. Ta ajiye gwal da kwallin da aka san ta da su, ta saɓa garma a kafaɗa. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga macen da ake sayen tikiti don a kalli fuskarta.

Ni na fara ganin fim ɗin a gidan silima na Plaza a Fagge, a zamanin da 'yan kasuwa Kwarori ke shigo da finafinan Indiya, muna zaune a kan benci a fili, sama babu rufi. Amma kallon da ya zauna mini shi ne na biyu, bayan shekaru, a akwatin talabijin marar launi na gidan maƙwabtanmu. A wancan lokaci matan aure ba sa zuwa silima, saboda haka sai da talabijin ta zo suka san waɗannan finafinai. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta zauna a bakin ƙofa da faifai a cinya tana tsince shinkafa, wai ita ba kallo ta zo yi ba. Da aka zo inda Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, ya buɗe littafinsa ya nuna dangwalen yatsan surukar Radha, ya ce bashin rufi ɗari biyar da aka ci don hidimar biki ya ba shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, sai na ga Inna ta ajiye faifan a ƙasa. Ba ta jin Indiyanci, babu kuma mai fassara mata, amma ta ce da ƙarfi, “Allah ya isa!” Ta san labarin tun kafin a haifi fim ɗin. Mahaifinta ya taɓa jinginar da gonarsa ga wani attajirin ƙauyensu a shekarar fari, ya ci bashin hatsi da alkawarin biya da kaka, shekara ta zagayo dami goma ya koma ashirin, gonar kuma ba ta dawo ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Saboda haka nake cewa masu ganin soyayyarmu da finafinan Indiya waƙa ce da rawa kawai sun taƙaita labarin. Abin da Nargis ta nuna, matanmu na karkara sun san shi a jikinsu. Mijinta a fim ɗin ya rasa hannayensa biyu a ƙarƙashin dutse yana ƙoƙarin share sabuwar gona, kunyar zama a ciyar da shi ta sa ya sulale cikin dare, bai sake dawowa ba. An ƙwace shanun huɗa, sai ita ta shiga madadin sa tana jan garma, 'ya'yanta ƙanana suna dafe da ita ta baya. Ambaliya ta cinye amfanin gona da ɗan autanta. Wurin da ya fi tsaya mini shi ne daren da ta je gidan Sukhilala jikinta duk taɓo, yara na kukan yunwa a gida, shi kuwa ya ce akwai abinci idan za ta ba da mutuncinta. Duk wanda ya kalli fuskarta a wannan wuri zai ga mace da ta kai bakin rami har ta leƙa, sannan ta ja da baya. Ba ta yi ihu mai yawa ba, idanunta da rawar leɓenta ne suka yi aikin. Wannan ita ce gwanintar da ba ta bukatar tafinta.

Ƙarshen fim ɗin kuwa har yau ana gardama a kansa. Ɗanta Birju, wanda zalunci ya mayar ɗan fashi, ya kashe mai bashin ya kuma sace 'yarsa ranar ɗaurin aurenta, uwar ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan da ta fi so saboda ta yi alkawarin ba za a keta mutuncin 'yar kowa a ƙauyen ba. Na tuna matan da ke ɗakin nan sun rabu biyu, wasu na cewa babu uwar da za ta iya, wasu na cewa ai wadda ta haifa ita ta fi sanin ranar da ɗanta ya fi ƙarfin nasiha. Inna dai ba ta ce uffan ba, ta ɗauki faifanta ta shige gida.

Fim ɗin ya zama na farko daga Indiya da ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar ta finafinan ƙasashen waje, ita kuma ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin Karlovy Vary na ƙasar Cekoslobakiya a 1958, a shekarar kuma gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. Ana cikin ɗaukar fim ɗin ne wutar da aka kunna wa tarin ciyawa ta ƙwace, ta rutsa da ita, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, suka yi aure ranar 11 ga Maris, 1958. Shi mabiyin addinin Hindu ne, kuma ba zan ɓoye ba, wannan aure ne da addininmu bai amince da shi ba, ban kuma zo kare shi ba. Hisabinta yana wurin Allah.

Bayan aure ta janye daga fim tana kan ganiyarta, ta koma renon 'ya'yanta uku, Sanjay da Namrata da Priya. Da ta sake fitowa a Raat Aur Din a 1967, ita ce ta fara karɓar kyautar ƙasa ta gwarzuwar 'yar wasa. Sauran ƙarfinta ta ba da shi ga aikin jinƙai: ita da mijinta sun kafa ƙungiyar masu wasa da ke zuwa bakin iyaka don ɗebe wa sojoji kewa, ta kuma zama uwar ƙungiyar kula da yara masu lalurar shanyewar gaɓoɓi. A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya. A can ne ta soki darakta Satyajit Ray da cewa yana tallar talaucin Indiya a ƙasashen waje, maganar da ni ban yarda da ita ba, domin talaucin da ita kanta ta nuna da gaskiya shi ne ya sa manomi a Kano ya ga kansa a cikin manomin Indiya, bai kuma rage wa ƙasarta ƙima ba ko kaɗan.

Ciwon daji ya kama ta, aka kai ta asibiti a New York, ta dawo gida, ta rasu a Bombay ranar 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara hamsin da ɗaya, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan. 'Yan kwanaki kaɗan bayan haka aka yi bikin nuna Rocky, fim ɗin farko da ɗanta Sanjay ya ja, aka bar kujera ɗaya babu kowa a kanta saboda ita. Mijinta ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon daji da sunanta, wadda 'yarsu Priya ta ci gaba da riƙewa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware wani gefe na shafin nishaɗi, ko da sau ɗaya ne a wata, domin tarihin irin waɗannan mutane, na waje da namu na gida, maimakon cacar-bakin 'yan fim da ke cika shafukan a yanzu. Mu ma muna da mata irin su Hauwa Ali Dodo da Saratu Giɗaɗo, Allah ya jiƙansu, waɗanda idan ba a rubuta aikinsu ba, wata rana za a tambayi yaro ya ce bai san su ba. Ranar 1 ga Yuni, 2029, Nargis za ta cika shekara ɗari da haihuwa, kuma zan so wannan jarida ta tuna da ranar.

Shi kuwa yaron nan, na sa an tura masa Mother India a wayarsa. Bayan kwana uku na tambaye shi ko ya gama, ya ce bai samu ya ƙarasa ba, domin kakarsa ta ji waƙar farko daga cikin ɗaki, ta aiko a kai mata wayar, har yanzu tana wurinta.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Fagge, Kano.