A daina fizge filash daga jikin kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu shagunan buga takardu da ma'aikatan ofisoshi da ɗalibai kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato fizge filash daga jikin kwamfuta da zarar mutum ya ga alamar aikinsa ya kammala. Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma sau da yawa akan kawo mini filash a ce ƙwayar cuta ce ta cinye shi, amma idan na bincika sai in tarar gaggawar mai shi ce ta jawo ɓarnar.

Abin da jama'a ba su lura da shi ba shi ne, ba kullum kwamfuta ke rubuta bayanai a kan filash a daidai lokacin da ta ce ta rubuta ba. Ma'ajiyarta ta wucin gadi ta fi filash sauri nesa ba kusa ba, don haka takan tara bayanan a can, ta nuna maka an gama, sannan ta ci gaba da zuba su a hankali, tamkar ɗan aike da ya ce maka saƙo ya isa alhali yana cikin aljihunsa. Umarnin da aka rubuta Eject, wanda ke gefen agogo a ƙasan allo, shi ne ke tilasta mata ta juye duk abin da ta riƙe, ta rufe fayilolin, kafin ta ba ka izinin cirewa.

Da a ce fayil na ƙarshe kaɗai ke lalacewa, da da sauƙi. Yawancin filash da katin memori suna zuwa ne da tsarin jera fayiloli da ake kira FAT32 ko exFAT, kuma a wannan tsari akwai wani jadawali da ke nuna inda kowane fayil yake zaune. Duk sanda aka ajiye sabon abu sai an gyara jadawalin, kuma waɗannan tsare-tsare biyu ba su da littafin bibiya irin na NTFS, wato tsarin da Windows ke amfani da shi a ma'ajiyar cikin kwamfuta, da zai taimaka a maido da shi daidai idan aiki ya katse a tsakiya. Wannan ne ya sa ɗalibi zai shiga shago domin buga shafi biyu, ya fito kundin digirinsa gaba ɗaya ya ƙi buɗuwa, abin da ke ci mini rai matuƙa, domin galibi wannan filash ɗin ne kaɗai wurin da aikin yake.

Wasu za su ce ai kamfanin Microsoft ya riga ya magance wannan. Gaskiya ne cewa ya bayyana cewa daga Windows 10 samfurin 1809, wanda ya fito a 2018, tsarin cirewa cikin sauri shi ne na asali ga ma'ajiyar da ake sokawa ta USB, ma'ana Windows ba ta jinkirta rubutu. Sai dai hakan ba ya kare wanda ya cire filash ana tsakiyar kwafi, ko yana da takarda a buɗe a Word. Haka kuma ana iya sauya wannan saiti, mai shiga shagon wani bai san yadda aka saita kwamfutar ba, sannan kwamfutocin Mac da masu aiki da Linux maimakon Windows har yanzu suna jinkirta rubutu.

Masu ɗaukar bidiyon biki da ke ajiye aikinsu a babbar ma'ajiya ta waje su ne ya kamata su fi kiyayewa, domin da yawa daga cikin irin waɗannan ma'ajiyoyi faifai ne ke juyawa a ciki, wasu sau 5,400 a minti ɗaya. A ba da umarnin fitarwa, a jira faifan ya tsaya, sannan a ɗaga. Idan kwamfuta ta ce ana amfani da ma'ajiyar, a rufe manhajojin da ke buɗe a sake gwadawa, in ta ƙi a kashe ta yadda ya dace kafin a cire.

Ina kira ga makarantun koyar da kwamfuta da su sanya wannan cikin darasin farko, masu shaguna kuma su horar da yaransu, tunda amanar mutane ce ke hannunsu. Wanda kuma ya soka filash ɗinsa ya ga saƙon cewa sai an yi masa fomat, don Allah kada ya amsa, kada kuma ya ajiye wani sabon abu a kai. Ya kai wa masani tukuna, domin a mafi yawan lokuta bayanan suna nan, jadawalin ne ya rikice, kuma akwai manhajojin da ke iya ceto su muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba.

Na gode.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta, daga Zariya