Rahoton kwamitin gyaran ɗakin baje kolin zane-zanen zamani na gidan tarihi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane, malamanmu, ɗalibai, da duk wanda ya sa hannu a aljihu ko ya zo ya ɗauki kwanon ƙasa a ka.

Aiki dai ya ƙare alhamdulillahi. Mun miƙa makulli ga shugaban gidan tarihi, an rataye zane-zane, mutane sun fara shigowa kallo. Wannan shi ne bayanin da muka yi alkawari tun ranar da aka kafa kwamitin, a yi haƙuri zai ɗan yi tsawo, don akwai tambayoyin da ake ta turo mana musamman a kan me ya sa ba mu yi siminti ba.

Wanda bai san ɗakin ba kafin gyara, soro ne na ƙasa a can bayan gidan, mai ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa kamar ƙubba, da ɗan zaure a gabansa. Shekara da shekaru ba abin da ake ajiyewa ciki sai karyayyun kujeru da tsofaffin allunan sanarwa. Indararo biyu sun toshe, ruwan damina yana kwanciya a kan rufi har ya huda ta kusurwar gabas, azara ta jiƙa ta fara lanƙwasa, jemagu kuma sun mai da wurin gidansu, warin kashinsu kaɗai ya isa ya kori baƙo. Abin da ya fi yi wa ginin illa kuwa shi ne wani gyara da aka taɓa yi a baya, inda aka shafe ƙasan bangon da siminti har zuwa ƙugun mutum. Daga waje kyau kamar me, amma da magina suka ƙwanƙwasa sai ka ji yana ƙara fanko, da aka ɓamɓare kuwa ƙasar da ke baya ta zama gari lis, hannu kake sawa ka kwaso ta. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, in ka rufe masa fuska da siminti danshin ba shi da hanyar fita sai ya zauna ciki yana cin bangon, gara kuma ta samu wurin da ba mai ganinta.

To a nan ne kwamiti ya rabu biyu, kuma gaskiya an kai ruwa rana. Wasu cikinmu, yawanci matasa da suka ga ɗakunan baje koli na Legas da Abuja, suka ce a rushe rufin a sa kwano, a yi silin, a shafe bango sumul a yi masa farin fenti, a sa tayil, su a ganinsu zanen zamani ba ya zama a ɗakin ƙasa, bango mai gargada zai janye idon mai kallo daga kan zanen. Maganarsu ba shirme ba ce, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ma muka zauna a kanta. Sauran kuma muka ce in an yi haka an kashe soron, an samu ɗaki irin na kowace unguwa, kuma dama hukumar gidan ta gindaya mana sharaɗi a rubuce cewa ba za a taɓa siffar ginin ba.

Wanda ya kwantar da ƙurar wani dattijon malaminmu ne da ya yi karatun zane a Zariya. Ya tuna mana cewa zanen zamani na Najeriya ai a Arewa aka yi masa babbar haihuwa, a 1958 lokacin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da suka tsaya a kai shi ne a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da abin gida, kar a zama 'yan kwaikwayo. Okeke ya koma kan zanen uli na matan Ibo, Nwoko kuma ya koma gini, ya yi ta aiki da jar ƙasa da katako a Ibadan, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine a Venice. Malam ya ce to ku jikokinsu ne za ku ce zanenku ya fi ƙarfin ɗakin ƙasa? Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, ƙasa ta ci. Amma mun karɓi rabin maganar matasan, za ku ga yadda muka yi da bangon rataya nan gaba.

Neman magina ya ba mu wahala. Birkiloli suna nan ko'ina, amma wanda ya iya ɗaurin guga da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin, sai an tona. Ta hannun Sarkin Magina muka samu wani dattijo da yaransa, mu dai Baba muke ce masa. Ranar farko bai taɓa komai ba, zagayawa ya yi yana buga bango da tafin hannu yana saurare, ya hau rufi ya zuba ruwa a buta ya tsaya yana kallon inda ya nufa. Da ya sauko sakatare ya ce ranka ya daɗe Baba nawa ne kuɗin aiki, ya ce ɗana a bari damina ta wuce tukuna, ba a buɗe soro ana hadari. Haka muka jira ba don mun so ba, masu ba da gudummawa suna ta kira suna tambaya ko an cinye kuɗin ne.

Da rani ya kama aka buɗe kusurwar da ta lalace. Azarar da ta ruɓe aka zare aka sa sabuwa, kuma ga wanda bai sani ba azara daga giginya ake tsaga ta, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunta ba, sai dai ba ta ɗaukar nauyi in tazarar ta yi nisa, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo, ana jera azara ana ɗaurewa tana fitowa daga bango kaɗan-kaɗan har ta haɗu a tsakiya a lulluɓe ta da ƙasa. Irin aikin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya kenan, da wanda ake gani a Gidan Makama na Kano. Giginya ta yi ƙaranci yanzu, daga nesa aka kawo mana, kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin azarar kanta. Inda bango ya zaizaye aka cike da tubali, an kwaɓa ƙasar da ciyawa an bar ta ta kwana ta ruɓa ana tattakawa, yaran Baba ba su yarda a yi gaggawa ba ko kaɗan. Rufi aka yi masa laso, wato katsi na marina da gashin jima da dafara, bangon waje kuma makuba ta ɓawon ɗorawa, ita ce ta ba shi wannan launin ja mai duhu da mutane ke ta tambaya wane fenti ne. Ba fenti ba ne. Indararo an sake su an ƙara musu tsawo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango, an kuma ja ɗan magudani zuwa kwata.

Sai maganar rataya. Bangon ƙasa ba a buga masa ƙusa yau a cire gobe, baje koli uku ya isa ya mai da shi rariya. Abin da muka yi, kafinta ya haɗa alluna na katako masu tsayawa da ƙafarsu, an ja su baya da bangon kamar taƙi ɗaya don iska ta riƙa wucewa, an yi musu fenti fari mai ɗan toka wanda ba ya ƙyalli. Tsayinsu bai kai inda bakan gizo ya fara ba, saboda haka in ka shiga idonka na kan zane a fili sumul kamar yadda matasa suka nema, in ka ɗaga kai kuma ga ɗaurin guga nan. Allunan ana iya tura su a canza fasalin ɗakin. Tsakiyar kowane zane muna sa shi wajen santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai matsakaicin tsayi, mun ja layi da fensir a bayan allunan don duk wanda zai rataya nan gaba kar ya yi ta kame-kame.

Haske kuma ilimi ne da yawancinmu a wannan aikin muka koye shi. Rana ita ce babbar abokiyar gabar zane, ta fi cin aikin takarda da na rini da hoto. Ƙa'idar da gidajen tarihi ke bi ita ce kar hasken da ke kan takarda da yadi ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai kuma wajen 200. Tagogin soron dama ƙanana ne kuma a sama suke, wannan ya taimaka, mun sa musu raga saboda jemage da tsuntsu, da farin yadi mai tace rana. Fitilu LED ne a kan dogon ƙarfe da ake juya kansu, ba sa zafi sosai. Wayarin bai shiga cikin bango ba, ta bayan allunan ya bi cikin bututu, kuma mun haɗa da sola da batir don kar a ɗauke wuta baƙi na tsaka da kallo, janareta kuwa ba ma so a kusa da ɗakin saboda hayaƙi. Maganar esi an yi ta an watsar. Abin da ke fasa fenti ya kumbura katako shi ne hawa da saukar danshi farat ɗaya, esin da zai yi awa biyu ya mutu ya fi rashinsa illa, ga shi dama garinmu a watan Agusta komai jiƙe yake, da hunturu kuma leɓe ma tsagewa yake. Kaurin bangon ƙasa yana rage wannan tsalle da kansa. Mun dai sayi ƙaramar na'urar auna zafi da danshi mun rataye, mai gadi yana rubuta abin da ta nuna safe da yamma a littafi.

Ƙasan ɗakin daɓe aka yi, an shimfiɗa tabarmi a hanyar da ake bi. Zauren gaba ya zama wurin cire takalmi da sa hannu a littafin baƙi, kuma yana tare ƙurar hunturu kafin ta kai ciki, shawarar Hajiya ce mai kula da shara a gidan, ita ta ce a sa labule mai nauyi tsakanin zaure da soro, kuma wallahi ya yi aiki.

Kuɗi. Lissafin shiga da fita da rasit ɗinsu ma'aji ya liƙa a allon sanarwa na ƙofar gidan, an kuma tura hotonsa a zaurenmu na WhatsApp, mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba sun duba sun sa hannu. Abin da ya fi cin kuɗi azara da jigilarta, sai batir da sola, sai ladan magina. Farashin kaya ya tashi muna tsaka da aiki, dole muka jingine benci da akwatunan gilashi da muka so yi. Ba wanda ke binmu bashi. Ɗalibai da suka yi aikin gayya na ɗiban ƙasa da ruwa ba a biya su ko sisi ba sai abinci, Allah ya saka musu.

Baje kolin farko da ke rataye yanzu na masu zanen garin nan ne da kewaye. Akwai mai aiki da tawadar allo da zayyana a kan manyan takardu, akwai wata baiwar Allah da ta ɗauki aska takwas ta babbar riga ta warwatsa ta a yadin da aka rina a marina, akwai hotunan 'yan kasuwa da aka ɗauka da waya, da wani aiki da aka ƙera da tsofaffin kwanonin sha da murfin lemo wanda yara suka fi taruwa a kai. A tsakiya mun sa tukwane na zamani, kuma mai bayani yana ciro naira ashirin ya nuna wa 'yan makaranta hoton Ladi Kwali a baya, ya gaya musu mai ginin tukunya ce ta kai nan. Wasu iyaye sun tambaya ko za a kawo gumaka ko hotunan da ba su dace ba, mun gaya musu ƙofa a buɗe take su zo su gani da idonsu, kuma duk abin da za a rataye sai ya bi ta hannun masu tantancewa tare da hukumar gidan. Wani matashi da ya fi kowa kafewa a kan silin shi ne yanzu yake kawo abokansa yana nuna musu bakan gizo, ba mu dai ce masa komai ba.

Abin da ya rage, kuma a nan muke so a ji mu da kyau. Soro ba a gyara shi a tafi. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau an share indararo, an duba tsaga a rufi an toshe, an taɓa yaɓe inda ya zube, bayan 'yan shekaru kuma a sake makuba. Baba ya yarda yaransa su riƙa zuwa, amma ba kyauta ba, kuma a yanzu babu asusun da zai biya wannan. Shawararmu a cire wani ɗan kaso daga duk zanen da aka sayar a ɗakin a ajiye don yaɓe, masu zane su zauna su tsayar da ko nawa ne. Ba mu da ɗakin ajiya mai kyau, don haka duk wanda aikinsa ya sauko ya zo ya ɗauka cikin mako, kar a bar shi jingine a zaure. Ƙofar shiga tana da matakala biyu, mai keken guragu sai an ɗaga shi, muna so a yi gangara kafin baje koli na gaba. Na'urar kashe gobara guda ɗaya ce tak.

Wa'adin wannan kwamiti ya ƙare da wannan rahoto. A zama mai zuwa za a zaɓi waɗanda za su riƙa tsara baje koli da kula da ɗakin, mai sha'awa ya ba da sunansa wajen sakatare, kuma muna roƙon mata su fito, don a namu kwamitin sun yi ƙaranci. Mai son ya rataye aikinsa ya kawo hotuna da girman kowane zane da irin kayan da ya yi amfani da su.

Sakatare, a madadin kwamitin gyara.