Wasiƙa daga Jalingo

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Ya zaman Kumasi? Mu nan Jalingo sai godiyar Allah.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne an saki Rabaran Jolly Nyame, tsohon gwamnan jiharmu ta Taraba. Gaskiya ne. Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince a yi masa afuwa a watan Afrilun 2022, shi da Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato, a watan Agusta kuma suka fito daga gidan yarin Kuje.

Ka tuna zaɓen gwamna da ya ci a Disambar 1991, wata huɗu kacal da yanko Taraba daga Gongola? Babu akwati, layi ake bi. Ni da kai muka tsaya cikin ƙurar hunturu, leɓe duk ya tsage, ana ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya. Kai ne ka ce mini mutumin da ya saba tsayawa gaban jama'a da littafin Allah a hannu zai ji kunyar taɓa amana. Na yarda da kai. Soja suka katse mulkinsa a 1993, ya dawo a 1999, ya yi shekara takwas cur. Sau uku ke nan jihar nan ta miƙa masa wuya.

Hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana ta gurfanar da shi a 2007, amma sai ran 30 ga Mayun 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta yanke masa shekara 14 a shari'ar naira biliyan 1.64. Shekara goma sha ɗaya, Sani! Yaran da na karɓa a aji ɗaya lokacin da aka fara shari'ar, sun kusa gama sakandare kafin a kammala ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naira miliyan 250 da aka fitar da sunan sayen kayan rubutu na ofis, kotu ta gano kuɗin sun bi wata hanya. Ran da na ji a rediyo, shayina ya huce a hannuna ban sha ba. Wanda ya yi shekara talatin da alli a hannu ya san darajar takarda ɗaya, ya san yadda yaro ke raba littafi gida biyu, gaba lissafi, baya Turanci.

Ba na yi masa fatan ya mutu a kurkuku, dattijo ne, kuma afuwa halin manya ce. Amma shekara huɗu ya yi cikin 12, alhali akwai talakawan da suka fi haka a tsare suna jiran shari'a kawai. Wannan ne ya hana ni murna da masu murna.

Ka rubuto mini ra'ayinka, tunda tare muka bi layin nan. Ka gaida Hajiya, ka ce mata zuman Mambila na nan tafe in an samu mai zuwa.

Naka har kullum,
Malam Buba